Loko Ko Katakon Roba: Zaɓin Wani Dattijo A Badagry

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa abokan gaban katako biyu ya sani, watau gara da zafin rana. A bakin teku kuwa sun fi haka. Ruwan sama a yankin Ikko yakan haura milimita 1,500 a shekara, laima ba ta ɗaukewa ko da rani, ga gishirin da iska ke ɗebowa, mai cinye ƙusa tun katakon da ta riƙe bai tsufa ba.

Wani dattijo, tsohon falken goro, ya gina gida a gefen ruwan Badagry. Da yake ƙasar wurin ba ta bushewa, dole ya ɗaga dandamalin katako a ƙofar gida, inda zai karɓi baƙi, jikoki su yi karatun allo. Kuɗin da ya rage masa na yi ɗaya ne, babu na gyaran kuskure.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, a sayi na zamani, ka huta." Yana nufin katakon da ake yi da garin itace cuɗe da roba, wanda ya bazu a Amurka daga wajejen 1990. Maganarsa ba ta banza ba ce. Irin wannan ba ya son fenti ko mai, bai damu da ruwa ba, ba ya soke ƙafa da sartse. Amma daga waje ake shigo da yawancinsa, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kuɗinsa ya bi dala. Bugu da ƙari yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, sai an bar masa sarari a kowace gaɓa. Ba shi da ƙarfin ɗaukar kansa, saboda haka ginshiƙan ƙasa, inda ruɓa ke farawa, na itace ne ko na ƙarfe dai.

Kafinta ya ce loko, wanda Yarabawa ke kira iroko. Ya ambaci eki ma, itacen da ake kafa kwata da shi, mai nutsewa a ruwa don nauyi, sai dai yana dakusar da zarto, kuma ƙusa ba ta shigarsa sai an huda.

Dattijo bai yi musu da kowa ba. Ya sa aka kawo guntun kowanne, aka ajiye a rana har azahar, sa'an nan ya tuɓe takalmi ya taka. A kan na roba, mai duhun launi, bai iya daɗewa ba. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba ke nan, alhali gidan Bahaushe gida ne na cire takalmi, kuma tafin ƙafar yaro bai kai na tsoho kauri ba.

Ya zaɓi loko, ya kuma san abin da ya ɗauka: shafa mai kowace shekara, in ba haka ba ya koɗe ya zama toka-toka, da ƙusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa, masu ɗan karen tsada. Ɗansa ya tuna masa cewa loko ya yi ƙaranci, ana sayar da ɗanye, ana kuma cusa farin gefen itacen, wanda gara ke ci kamar tuwo. Wannan gargaɗin ya karɓa. Da kansa ya tafi wurin masu yankan katako, yana juya kowane falanki, duk mai fari a gefe ya ce a mayar. Aikin da aka ɗebar wa yini ɗaya sai da ya ci uku.