A Mashigan Ƙasar Gashaka, Mota Ma Da Hancinta Take Tsira

Wanda ya bar Jalingo ya nufi kudu, ya wuce Bali, kafin ya fara hawan dutsen Mambila zai iske Serti, hedkwatar ƙaramar hukumar Gashaka ta Jihar Taraba. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da ruwa. A da can tana cikin Kamaru ta Jamusawa, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingilishi, sa'an nan a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanenta suka zaɓi zama da Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. A nan gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a Nijeriya. A cikinsa, bakin iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, dutsen da ya ɗara kowane dutse a ƙasar nan.

Ruwan da ke sauka kan waɗannan duwatsu yana gangarowa ta Mayo Kam da Mayo Gashaka da wasu rafuka masu yawa, ya taru a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mayo dai shi ne kogi da Fulatanci. Da rani yaro ma sai ya naɗe wando ya ƙetare, amma daga Afrilu zuwa Oktoba, in ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan gindin dutse, rafi ne ke faɗa maka ranar da za ka wuce. Manomin da ya tara masara a can ƙetare ba shi da abin dogara sai mota mai tsayi wadda ƙafafunta duka ke ja, watau irin tsofaffin motocin soja da aka yi gwanjonsu.

Irin wannan mota na shiga a ƙarshen wata damina, tsohuwar Steyr, ƙirar Ostiriya, 'yar'uwar waɗanda aka riƙa haɗawa a Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970. Fentin soja ya koɗe, amma ƙarfe na nan. Da muka iso bakin wani mashigi sai direba, wani dattijo mai furfura, ya kashe inji ya sauko, yaron mota kuma ya shige ƙarƙashi da sifana a hannu.

Na ce, "Baba, lafiya muka tsaya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Hancinta za mu duba, kuma ta sha iska. Ba a kai ƙarfe mai zafi cikin ruwan sanyi."

Mai karatu zai so ya san mene ne wannan hanci. A ƙarƙashin mota mai jan ƙafa huɗu akwai akwatunan ƙarfe huɗu masu man giya a ciki: giyabos, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da aksul na gaba, da na baya. In mai ƙafa shida ce, sai su zama biyar. Yayin tafiya mai yakan yi zafi, iskar ciki ta kumbura, saboda haka maƙera mota suka bar wa kowane akwati 'yar kafa a samansa, mai murfi wanda bai kai babban yatsa girma ba, domin iska ta fita. In laka ta toshe ta, iskar sai ta turo mai ta bakin robar da ke tare shi, ya ɓata birki.

To, a cikin rafi al'amarin juyawa yake yi. Da zarar ruwan sanyi ya taɓa akwati mai zafi, iskar ciki sai ta tsuke, akwatin ya zuƙo abin da ke bakin hancinsa. In iska ce, madalla. In ruwa ne, ya sha ke nan. Wanda kuma ya yi dabarar toshe kafar da itace bai tsira ba, domin ruwan zai kutsa ta bakin roba. Abin tsoron shi ne, mota ba ta nuna komai ran nan. Za ta haye, a yi ta murna, alhali mai ya gauraye da ruwa ya zama kamar kunu. Sai bayan makonni boris ya yi tsatsa, haƙoran giya su cinye, aksul ya fara kuka a tsakiyar daji da lodi a kai.

Maganin da Baba ya yi ba mai tsada ba ne. Ya kwance murafun nan duka, ya ɗaura 'yan bututu a gurbinsu, ya cusa wa kowanne siririn tiyo irin na mai, ya ɗaure tam. Ya bi da su jikin shasi, nesa da salansa don kada su narke, ya kuwa bar wa na aksul sassauci, domin aksul hawa da sauka yake yi, in tiyo ya yi gajere sai ya tsinke. Can bayan kan mota, sama da kafaɗar mutum, ya tattara bakunansu, ya lanƙwasa su ƙasa kamar kan sandar tsoho don kada ruwan sama ya shiga. Aikin yaron a bakin kowane rafi shi ne ya tabbata babu wanda ya zare ko ya tsage, ya kuma hura ya ji iska na wucewa.

Sojoji ma da suka fi kowa sanin motocinsu ba su wasa da wannan. Motar sojan Amurka da ake kira M35, wadda aka fara ƙerawa wajen 1950, inci 30 na ruwa kawai aka yarda ta shiga haka nan, amma in an ɗaura mata kayan ƙetare ruwa takan shiga inci 72.

Da ƙarfe ya huce, yaron ya shiga rafin da sanda, yana auna zurfi yana laluben ramuka, ruwa ya kawo masa ƙugu. Baba ya ce, "Bismillahi," ya sa giya mai ƙarfi, ya shiga sannu a hankali, bai canja giya ba, bai kuma tsaya ba har muka hau tudu. Nan ya riƙa taka birki kaɗan-kaɗan yana tafiya har ya bushe. Washegari da asuba, kafin a fara lodin buhuna, ya sassauta notin ƙasan kowane akwati. Ruwa ya fi mai nauyi, in ya shiga shi ke fara ɗigowa. Mai ne zalla ya fito. Ya ce wa yaron, "Ka gani ko, ɗana? Ɗaure, mu tafi."

Har ranar da gadoji za su wadata a wannan yanki, amfanin gonar ƙauyuka da dama a kan irin waɗannan motoci zai riƙa fita kasuwa, mai jinya ma su ne jirginsa. Don haka muna jan hankalin direbobi da masu motoci, a ko'ina suke ƙetare ruwa, da su duba wannan 'yar kafa tun kafin damina ta kankama. Kuɗin tiyo bai kai na buhun masara ɗaya ba, aksul kuwa in ya mutu yana iya cinye ribar shekara. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Allah Ya kiyaye hanya.