Mai Fiƙar Alƙalami a Umbadda

Wanda ya ƙetare Farin Nilu daga Khartum ya shiga Umdurman, in ya ci gaba da nausawa yamma har gidajen laka suka fara rinjayar na siminti, to ya iso Umbadda. Gari ne shimfiɗaɗɗe a kan rairayi, unguwanninsa da lamba ake kiran su, kuma a nan Kasuwar Libiya take. Mun sauka can a shekarar 2018, a gidan dangin mahaifinmu. Hausawa ba baƙi ba ne a Sudan: wasu zuriyar alhazan da suka taka sayyada zuwa Makka ne, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Amma ya ƴan'uwa masu karatu, abin da ya zauna mana a rai daga wannan tafiya wani dattijo ne maƙwabcin masaukinmu. Yadi yake sayarwa a kasuwa. In ya yi La'asar sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya fito da ƴar aska da damin kara, ya dinga fiƙe wa yaran makarantar allo alƙaluma. Ba ya karɓar ko sisi. Su can halwa suke ce wa makarantar allo, tawada kuwa amar, wadda ake haɗawa da kunkunniya da ƙaro. Ƙaron ba abin nema ba ne, tunda Kurdufan na nan kusa.

Da muka gaishe shi muka ce mu ma a zauren liman muka tashi, sai ya miƙo mana aska ya ce, "To ɗan Liman, bismilla." Muka fiƙe ɗaya yadda muka saba. Ya tsoma a tawada, ya ja layi a allo, tawadar ta zubo gaba ɗaya ta yi dabbare. Bai yi dariya ba. Gida ya shiga ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara cike da alƙaluman da ya ɓata a shekarun farko, ya zube su a gabanmu.

Ya ce da fari yana zaton laifin hannunsa ne, ashe askar ce. Aska marar kaifi murƙushe kara take yi, sai bakin ya yi gashi-gashi. Da ya iya wasa aska, sai ya gane ba kowane kara ake fiƙewa ba: wanda ya bushe a tsaye a gona ya fi wanda aka sara ɗanye, kuma tsakanin gaɓa da gaɓa ake nema, inda ɓawon ya yi ƙwari. Waɗannan duk cikin ƴan shekaru ya kama su.

Tsagar baki ita ta ci masa lokaci. Ta wannan ƴar tsaga tawada ke gangarowa, in ta yi tsawo alƙalami ya yi amai kamar namu, in ta gajarta yaro ya yi ta tsomawa bai gama kalma ba. Kuma ba ta da awo guda, domin tawadar da ƙaro ya yi wa yawa tana son tsaga mai ɗan faɗi, ga zafin Umdurman da ke busar da ita tun tana bakin alƙalami. Sai ya koma duba kurtun yaro kafin ya taɓa kara. Daga baya ma ya fara cewa yaro ya rubuta layi ɗaya a gabansa, ya ga yadda yake karkata hannu da yadda yake dannawa, sannan ya datse bakin daidai da shi. Mai rubutun Warshu irin na gida, mai kauri, baki mai faɗi yake yi masa. A ganinmu nan ne ya wuce masu sayar da alƙaluma dami-dami, domin su ba su taɓa ganin hannun da zai riƙe ba.

Muka ce, "Baba, yanzu ai an gama ƙwarewa." Ya ce a'a, idonsa ya fara rauni, yana koyon jin kaurin baki da babban yatsa.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Umbadda ta sha wuya ƙwarai, aka wawashe Kasuwar Libiya, kuma sai a Maris na 2025 sojoji suka karɓe ta. Danginmu sun shaida mana cewa Baba ya fita da iyalinsa zuwa Gadarif, Allah Ya kiyaye su. Gwangwanin a gida aka baro shi.

Alƙalami ɗaya ya ba mu ranar da za mu taso. Ɗanmu ya yi ta rubutu da shi har bakin ya cinye. Kwanan baya muka wasa aska muka zauna gyara shi, sau uku tsagar tana zarcewa. Abin da ya rage bai fi tsawon ɗan yatsa ba, mun naɗe shi a takarda mun sa a gafaka.