Kafin ka buɗe bayan tsohuwar kyamara, dubi lambar da ke gefenta



Sati uku da sunka wuce wani abokina na fada ya kira ni, ya ce akwai tsohuwar kyamara a wani gida nan cikin Tawa, ana neman mai saye. Ya san ciwona. Shekara biyu ke nan ina neman irin wadda ake ratayawa a wuya, mai ido biyu ɗaya bisa ɗaya, wadda mai hoto ke duƙar da kai ya leƙa ta sama. Duk wanda ya girma a Adar kafin zuwan salula ya santa ko bai san sunanta ba. Irinta ce ta ɗauki hotunan iyayenmu, waɗanda ake zama kan kujera, hannu bisa gwiwa, agogo a waje don a gani, rediyo a gefe.

Bara na ƙone sau ɗaya. Wani ya turo mani hoton wata ta WhatsApp, tana ƙyalli kamar sabuwa, na tura jika talatin. Da ta iso, ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga ya maƙale, ko motsi ba ya yi. Tana nan bisa armuwar, yara na ce mata rediyon Baba. Tun ranar na yi alkawari ba ni ƙara sayen kyamarar da ban riƙa da hannuna ba.

Munka tahi bayan la'asar. Mai kyamarar ya rasu shekara huɗu ke nan. Ɗan bida ne a ƙuruciyarsa, a Abijan ya koyi aikin hoto, ya dawo da ita, ya yi shekaru yana bin kasuwanni da bukukuwa, Barmu, Afala, Tabalak, har Abalak lokacin salla. Matarsa ce da ɗansa na biyu sunka tarbe mu. Yaron na son kuɗin mota, shi ma bidar zai tahi.

Da anka fiddo ta daga cikin wani tsohon zane, sai na ga Yashica Mat-124G ce, ƙirar Japan. Daga 1970 zuwa 1986 anka yi ta ƙera irinta, an kwaikwayi Rolleiflex ta Jamus amma ta fi ta araha nesa ba kusa ba, shi ya sa masu hoto da yawa sunka riƙe ta. Fim ɗinta shi ake kira 120. Faɗinsa kamar santimita shida, an naɗe shi cikin takarda, kuma hoto 12 kawai yake ɗauka. Kowane kilishe (kilishe na ce, ba kilishi ba, kada mahauta su taso) ya kusa ninka na ƙaramin fim sau huɗu, don haka ko an faɗaɗa hoton kana iya ƙirga zaren aikin wuyan riga. Kodak ta fito da wannan fim tun 1901, kuma har yau ana yin sa.

To nan kunya ta kama ni. Wanda zai sayi rago ranar Lahadi a kasuwar Tawa yana buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya taɓa ƙugu, ba mai cewa ya raina mai rago. Amma wannan kayan mamaci ne, ga matarsa zaune kan tabarma tana kallona. Ta yaya zan fara neman aibi? Ita ce ta cece ni. Ta ce, "Ɗana, duba abinka da kyau. Mai ita ma hakanan shika yi, ko albasa zai saye sai ya jujjuya ta."

Na jujjuya ta. Ba alamar faɗuwa a kusurwoyi. Na murɗa abin saita nisa, allon da ke ɗauke da idanun biyu ya fito ya koma ba tare da karkata ba. Wannan wurin ku kula da shi, don in kyamara ta taɓa faɗuwa ta fuska allon kan goce, sai ka ga hoto gefe ɗaya tas, gefe ɗaya hazo, kuma gyaransa ba na teburin mai agogo ba ne. Na buɗe murfin sama na leƙa. Gilashin ya yi duhu da ƙurar shekaru, amma ga iccen bedi na tsakar gida, ga akuya, dama ta koma hagu kamar yadda irin wagga kyamara ke nunawa.

Yatsana na kan makullin ƙasa, zan buɗe bayanta, sai idona ya faɗa kan ƴar tagar lamba da ke kusa da hannun naɗi. Takwas.

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. A wagga kyamara, in ba fim a ciki lambar ba ta tafiya, kuma da zarar an buɗe baya sai ta koma farko. Takwas na nufin akwai fim, an ɗauki bakwai, saura biyar. Da na murɗa makullin nan cikin hasken la'asar, abin da ya kwana shekaru cikin duhu da ya ƙone cikin ƙiftawar ido.

Na ce, "Inna, akwai aikin Baba a ciki."

Ba ta gane ba sai da na sake bayani. Ta yi shiru. Can ta ce ai kwalayen kilishensa biyu ne a ɗaki, gara ta ci ɗaya, ɗayan kuma ruwa ya lalata shekarar da bangon ɗakin ya faɗi. Hotunan da ya wanke suna gidajen waɗanda sunka biya. Shi kansa ba su da hotonsa in ba na katin ɗan ƙasa ba.

Abin ya tsaya mani a rai. A Bamako, Malick Sidibé ya adana kilishensa cikin kwalaye, duniya ta zo ta gani, har anka ba shi babbar lambar yabo a Venis a 2007. A Yamai an san Philippe Koudjina da hotunan daren birni na shekarun 1960 da 1970. Mu namu masu hoton na Adar, da sunka sha rana a kasuwannin ƙauye, gara ce ta gaje su. Hoto bakwai ɗin nan ke nan abin da ya rage na aikin mutumin a gidansa, kuma saura ƙiris in ƙone su garin nuna na iya duba kyamara.

Yaron ya ce a cire fim ɗin kawai a ci gaba da ciniki. Na ce ba a cire shi sai an naɗe shi zuwa ƙarshe, kuma tunda saura biyar, mi zai hana mu ɗauke su? Da ma ba gwajin da ya kai a sa fim a ɗauka. Inna ta ce ita ba ta shiga, ta tsufa da wannan. Anka tara jikoki jikin bango inda inuwa take. Tsohon fim ƙarfinsa ya ragu, yana son haske fiye da sabo, don haka na buɗe ƙofar hasken sosai. Na ɗauki uku. Ana na huɗu sai ga ta ta fito da wani mayafi ba wanda ta tarbe mu da shi ba, ta zauna tsakiyarsu ba ta ce da kowa komi ba. Na ƙarshe ita kaɗai na ɗauka.

Kowane ɗauka ina sauraren hannun naɗi. Yana tafiya sumul, yana tsayawa inda ya kamata, lamba na ƙaruwa ɗaya-ɗaya. Bayan 12 na yi ta naɗi har na ji takarda ta saki, sannan munka shiga zaure na buɗe. Kodak ne, baƙi da fari. Na ji sanyi, don baƙi da fari ya fi mai kala jure shekaru. Na ɗaure shi da zare na sa aljihu.

Sai yanzu duban gaske ya fara, kuma mai son saye ya riƙe wannan.

Idon sama na leƙe ne kawai, ko ya yi ɗan tabo ba ya shiga hoto. Na ƙasa shi ke ɗauka, shi za ka tsananta wa. Na sa ƙyauren a harafin B, wanda ke barin shi buɗe muddin yatsa na danne, na kunna fitilar salula ta baya na leƙa ta gaba. Ƙura na ciki, wannan ba komi, wa ya raba kayan Tawa da ƙura? Abin tsoro shi ne hunhuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo a cikin gilashi. Mu nan iskarmu busassa ce, ba ta cika kama kaya ba, amma duk kyamarar da ta zauna kurmi ka zarge ta. Na same ta kuwa, ƴar kaɗan a baki-baki, ba ta kai tsakiya ba. In ta daɗe takan ci fuskar gilashin, ko an goge sawunta na nan.

Sannan ƙyaure. Gudunsa daga daƙiƙa ɗaya ne zuwa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Masu saurin ba ka iya auna su da kunne, sai dai ka ga haske ya wulga. Na daƙiƙa ɗaya shi ke tona asiri. Na kai ta kunne na danna: zzzz, ta ja, ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta rufe. Ya fi daƙiƙa biyu. Man da ke ciki ya bushe ya haɗu da ƙura. Ana wanke shi, ba mutuwa ba ce, amma aiki ne. Ganyayyakin ƙarfen da ke tsuke ƙofar haske kuwa busassu ne, ba maiƙo, suna buɗewa suna rufewa daidai.

Yaron ya kai hannu zai ja ɗan maɓallin da ke jinkirta ɗauka, wanda mai hoto ke ja ya ruga ya shiga cikin hoto. Na riƙe hannunsa. A tsohuwar Yashica wannan shi ne tarko: in anka ja shi alhali saitin fitila na kan M, ƙyauren na iya cijewa gaba ɗaya. Ko a kan X yake, ni ba ni taɓa shi a kyamarar da ta yi shekaru tana barci.

Soson da ke toshe haske a bakin murfi ya narke ya zama baƙin danƙo, yana kama yatsa. Ma'aunin haske ya mutu, kuma ban damu ba, don pil ɗinsa irin na da ne mai sinadarin da anka hana, salula ma na yin wannan aikin yanzu. Na duba sandar naɗi da fim ya bari, na ajiye ta da kyau, don in ba ita sabon fim ba shi da inda zai naɗu. Daga ƙarshe na shimfiɗa ƴar takarda mai shara-shara inda fim ke kwanciya, na saita hasumiyar masallacin unguwa ta ƙofar zaure. Abin da idon sama ya ce ya fito, na ƙasa ma ya yarda. Da sun saɓa, da na mayar da ita cikin zanenta.

Jika tamanin yaron ya sa. Ga ni da aibi huɗu a hannu, kuma na san in na jera su da murya irin ta dillalai zan sauko da shi ƙasa da rabi, don ba wani mai saye a bayana. Amma na kuma san abin da shi bai sani ba: a Turai matasa sun koma wa fim, kuma lafiyayyar irinta ta fi abin da ya sa. Na faɗa masu duka biyun, aibin da darajar. Abokina na ta taka mani ƙafa. Na taya sittin, yaron ya ce albarka, Inna ta ce, "A ba shi. Ya san abin da ya riƙa."

Sai yaron ya yi dariya ya ce to fim fa, ai wanda ya sayi akuya mai ciki shi ke da ɗan. Na ce a'a, wannan cikin na gidanku ne, ni ungozoma ce kawai.

Wankin ya ci mani dare biyu ina shiri. Maganin da ma ina da shi, wani ɗan'uwa ya aiko mani tun bara. Matsalar ruwa ce: ana son shi a digiri 20, ruwan pampo kuwa a watan nan ko shayi ka dafa da shi. Sai da na sayi ƙanƙarar dala ashirin wurin maƙwabta. Na shiga ɗaki tsakar dare, na toshe taga da bargo, na kwance fim ɗin da lalube, takardar ta manne masa wuri-wuri, zufa na zuba.

Biyar ɗin da na ɗauka sun fito, da hazo kaɗan da wani farin zane a gefe inda soso ya bar haske ya shiga. Hoton Inna ya yi kyau har ban so in ba da shi ba. Cikin bakwai na marigayin, uku sun tafi, toka ce kawai. Huɗu sun tsira. Biyu na wani ango ne da abokansa. Ɗaya raƙumi ne da kaya a bakin kasuwa. Na huɗun wasu mata uku ne zaune gaban wata rumfa da ƙoren nono, ta tsakiya ta kai hannu za ta rufe baki, dariya ta riga ta.

Na kai masu ranar Juma'a. Inna ta daɗe tana kallon na matan nan, ta ce rumfar ta yi mata kama da kasuwar Barmu, amma ba ta san ko ɗaya cikinsu ba. Angon ma ba wanda ya gane shi. Wataƙila ya biya kuɗin hotonsa ya yi ta jira.

Ta ba ni izini in nuna su. Ban sa su nan ba, don fuskokin mutane ne kuma ban tambaye su ba. Amma in akwai wanda ya san an ɗauki hoton aurensa, ko na babansa ko wansa, wajen Barmu ko Afala, mai hoto ya ce a dawo sati mai zuwa kuma ba a taɓa karɓa ba, ya yi mani magana ta akwatin saƙo. Angon dogo ne, da farar hula, akwai keke jingine a bayansa.