Agogon da Zai Cika a 2038

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata rana da nake so mu san da zuwanta, watau 19 ga Janairu, 2038.

Kwamfuta ba ta san wata ko shekara yadda muka sani ba. Da yawansu daƙiƙoƙi suke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya tun daga 1 ga Janairu, 1970, al'adar da aka gada daga tsarin Unix. To, ita wannan lamba sai an ba ta mazubi, kuma mai rubuta manhaja ne ke zaɓen girmansa. An daɗe ana amfani da mazubi mai gurbi 32, kowane gurbi sifiri ko ɗaya. Iyakar abin da yake ɗauka 2,147,483,647 ne, kuma zai cika da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya a ranar da na faɗa. Daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, sai lissafi ya juye, na'ura ta ce ai muna cikin Disamba ta 1901.

Kada wani ya ɗauka wasa ne. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa idan aka bar na'urorin wutar jirgin Boeing 787 a kunne kwana 248, ƙirgen da ke cikinsu zai cika, wuta ta ɗauke, ko da jirgin yana sama.

Maganin shi ne mazubi mai gurbi 64, wanda zai kai shekara wajen biliyan 292. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne juye. In aka ɗebo lokaci daga babban mazubi aka zuba a ƙarami, sau da yawa kwamfuta ba ta cewa uffan, sai ta yanke kan lambar ta ajiye gindin. Kamar takardar da aka ba shekara gida biyu ne, ka rubuta 2038 ta zama 38. Irin wannan rowar gida ce ta tayar da hankalin duniya gab da shekarar 2000. Mazubi ƙarami guda ɗaya a tsakiyar hanya ya isa ya ɓata lissafin bashin banki na shekara ashirin, tun yau, ba sai 2038 ba.

Ni dai ko 'yar manhajar lissafin ranakun jarrabawa nake rubutawa, gurbi 64 nake ba lokaci, kuma ina bin duk inda lambar ta ratsa in duba girman mazubin.