Gidan Rediyon Da Aka Kafa A Kan Teku

A farkon shekarun 1960, duk Baturen Ingila da ya murɗa akwatin rediyonsa yana neman tashar ƙasarsu, ba ya samun kowa sai BBC, don ita kaɗai hukuma ta yardar wa ta watsa magana ta iska. Labarai da wasanni kam tana da su, amma sababbin waƙoƙin nan da samari da 'yan mata ke mutuwar so, waɗanda Turawa ke kira pop, kaɗan take sakawa. Ba ƙeta ce ta sa ba. Akwai alkawari tsakaninta da ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai, an ƙayyade mata sa'o'in da za ta riƙa juya faifai, don kada faifai ya raba makaɗa da abincinsu. Saboda haka yaro mai son kiɗa sai ya jira dare, ya kamo wata tasha ta ƙasar Lukzambag, ya kasa kunne, murya na zuwa tana ɓacewa.

Ana nan sai ga wani saurayi mutumin Ailan, sunansa Ronan O'Rahilly. Ya kai faifan wani mawaƙi, Georgie Fame, gidajen rediyon nan biyu, kowanne ya ƙi sakawa. Da ya ga haka, sai ya ƙudura yin nasa gidan. To, amma ina zai kafa shi, tun da doka ta hana? Sai ya lura ikon Ingila a kan teku mil 3 ne kawai daga gaɓa, bayan nan ruwa ba na kowa ba ne. Ya sami wani tsohon jirgin fito na Denmak, ya kai shi tashar jiragen ruwa ta Greenore, wadda ke hannun ubansa, aka kafa masa na'ura da dogon ƙarfe, aka raɗa masa suna Caroline. A ƙarshen watan Maris 1964, lokacin bikin Ista, jirgin ya jefa anga daura da gaɓar gabashin Ingila, ya fara kiɗa tun safe har maraice.

Kai, abin ya karɓu! Kafin a jima, gidaje da kantuna da masana'antu duk muryarsa ake ji, 'yan kasuwa kuma suka yi ta kawo talla suna biya. A watan Yuli aka haɗu da masu wani jirgin mai suna Mi Amigo, aka raba ƙasar biyu, ɗaya ya tsaya kudu, ɗaya ya koma arewa kusa da tsibirin Man. Masu sauraro na cikin ɗaki a kishingiɗe, su kuwa masu juya faifan sai su yi makonni a ruwa, igiya na wujijjiga su, allura na tsalle a kan faifai, ga amai, ga sanyi. A Janairu 1966 iska ta tsinke angar Mi Amigo, ta watso shi kan yashi.

Gwamnati ba ta ji daɗi ba. Ta ce jiragen ba su da lasin, suna kuma shiga muryar wasu tashoshin, har ana ce musu 'yan fashin teku. Da yake hannunta bai kai ga jirgin ba, sai ta bi ta ƙasa. Ran 14 ga Agusta 1967 ta kafa doka, duk ɗan ƙasar da ya yi wa irin jirgin nan aiki, ko ya kai masa abinci, ko ya ba shi talla, ya yi laifi. Sauran tashoshin teku suka rufe, Caroline ta ƙi. Amma talla ta yanke, bashi ya hau, a Maris 1968 masu bin bashi suka ja jiragen biyu zuwa Holan. Ita BBC kuwa ta riga ta ɗauki darasi, don tun ran 30 ga Satumba 1967 ta buɗe tasha ta kiɗan samari, Radio 1, kuma Tony Blackburn da ya fara magana a cikinta a jirgin Caroline ya koyi aikin.

Mi Amigo ya koma teku a 1972, yana ta lallaɓawa duk da tsatsa da yoyo, har guguwar Maris 1980 ta nutsar da shi. An ceci mutanen ciki duka, ƙarfensa ya yi shekaru yana leƙowa daga ruwa. A 1983 aka kawo wani tsohon jirgin su, Ross Revenge, da ƙarfe mai tsawon ƙafa 300. Ƙarfen ya faɗi a 1987, jami'an Holan suka hau jirgin suka kwashe kaya a 1989, a 1991 kuma ya kafe a yashin Goodwin.

Masu son tashar ba su bar ta ta mutu ba, suka ci gaba da ita ta tauraron ɗan'adam da intanet. A 2017 hukuma ta ba ta lasin watsa shiri ga mutanen Suffolk da arewacin Essex, a kan zangon 648, wanda a da BBC ke aika shirye-shiryenta na ƙasashen waje ta kansa. O'Rahilly ya ga wannan da ransa, ya rasu a 2020.