Ƙarfen Damƙa da Hannun Mai Alƙalami

Ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu girma ba: mariƙi biyu, da murɗaɗɗiyar waya mai kauri da ta haɗa kawunansu. Ana ɗora mariƙi ɗaya a tsakiyar tafi, a naɗe ɗayan da yatsu huɗu, a matsa har su haɗu, a saki, a sake matsawa. Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Masu araha, waɗanda ake samu a shagunan kayan wasanni, mariƙinsu na roba ne, kuma suna da ɗan kusa da ake murɗawa don ƙara tauri ko rage shi, an rubuta lambobi a jikinsu kamar daga kilo 5 zuwa kilo 60. Samari ne suka fi sayensa, su zauna da shi a fada suna shan shayi suna matsawa, kowa na leƙen damtsensa ko jijiyoyi sun fara tashi.

Wani ma'aikacin ofis a Maradi, wanda ya haura shekara 45, shi ma ya saya, amma dalilinsa dabam ne da na samarin. Mahaifiyarsa ce sanadi. Wannan tsohuwa ta shafe fiye da shekara 50 tana daka gero, tana jan guga a rijiya mai zurfi, tana tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin. Tun yana yaro ya san hannunta: in ta riƙe wuyan hannun yaro don ta kai shi makarantar allo, ba mai ƙwacewa. A ƴan shekarun nan sai ya lura ta daina matse wankinta da kanta, tana shanya zane yana ɗigar ruwa. Wata rana ya same ta tana fama da murfin gorar ruwa, ya ce, "Inna, kawo in buɗe miki." Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Hannun ne ya ƙi, ɗan nan." Ya buɗe, amma shi ma sai da ya sa bakin riga. A nan ya tsaya ya yi lissafi: ita ta fara tsufa daga hannu mai ƙarfin gaske, ga kuma inda ta kai. Shi da rayuwarsa ta ƙare a kan alƙalami da kwamfuta da sitiyarin mota, daga ina zai fara gangarowa, kuma a ina zai tsaya?

Tambayar tana da tushe a wurin likitoci. A shekarar 2015 mujallar The Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da ake kira PURE, wanda masana na jami'ar McMaster ta Kanada suka jagoranta. An auna ƙarfin damƙar mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, masu shekaru 35 zuwa 70, da na'urar awo da ake matsawa da hannu, aka kuma bi bayansu kimanin shekara huɗu. Aka tarar duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa ta kowane dalili, da kashi 17 cikin ɗari na mutuwa ta ciwon zuciya da magudanan jini. Masana lafiyar tsofaffi na Turai kuma sun sa iyaka: namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27, ko macen da tata ta gaza kilo 16, ana zargin tsokar jikinsa ta fara zaizayewa.

Masu talla sun so wannan labari ƙwarai, sun kuma murɗe shi. Binciken bai ce matsa ƙarfe yana tsawaita kwana ba. Hannu mai ba da labari ne kawai: yana faɗin halin da tsokar jiki gaba ɗaya take ciki, da abincin da mutum yake ci, da yawan motsinsa, da cutar da ke cinsa a ɓoye. Wanda ya horar da hannu kaɗai ya bar sauran jiki a kujera, ya koya wa manzo ƙarya ne, labarin da ke gida bai sauya ba. Ma'aikacin nan ya fahimci haka da wuri, bai kuwa ajiye ƙarfen ba, domin ko ba don tsawon rai ba, buɗe gora da ɗaukar buta da riƙe sanda a tsufa buƙatu ne masu zaman kansu.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne inda ƙarfin yake zaune. Yatsu ba su da tsokar da ke lanƙwasa su a jikinsu. Manyan tsokokin damƙa suna cikin damtse, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, su ne ke jan yatsu daga nesa da dogayen agara, kamar mai jan guga yana tsaye a bakin rijiya. Agara tara ne ke bi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu, tare da babbar jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da maƙwabtansa. Duk mai shakka ya dunƙule hannunsa da ƙarfi, ya ɗora ɗayan hannun a kan damtsen, zai ji inda aikin yake gudana. Akwai kuma tsokoki a bayan damtse, masu miƙe yatsu da ɗaga wuyan hannu. In mutum ya damƙi abu, su ne ke tokare wuyan hannun don kada ya lanƙwashe ciki, domin hannun da ya lanƙwashe ba ya iya riƙo. Masu kokawa da masu ƙwace wuƙa a hannun ɗan fashi sun daɗe da sanin wannan: a karya wuyan hannu ciki, yatsu su buɗe da kansu.

Daga nan ne ciwon da samari ke kuka da shi yake fitowa. Tsoka tana da jini da yawa, tana saurin sabawa da sabon aiki. Agara ba haka take ba, jininta kaɗan ne, tana ɗaukar watanni kafin ta yi ƙwari. Saurayin da ke matsa ƙarfe sau ɗari biyu kullum yana jin ƙarfi na ƙaruwa a mako biyu, ya ƙara tauri, sai a wata na biyu ya wayi gari gefen gwiwar hannunsa yana zugi, ko kofin shayi ya ɗaga sai ya cije leɓe. Ma'aikacin, da yake shekaru sun koya masa jinkiri, ya tsara wa kansa kwana uku a mako. Yakan fara da buɗe hannu da dunƙule shi har ya ji ɗumi, sa'an nan ya zaɓi taurin da zai iya rufewa sau takwas zuwa goma, ya yi zagaye uku a kowane hannu, yana hutawa tsakani. A matsi na ƙarshe yakan riƙe a rufe, ya saki a hankali. Ya kan tabbatar ƙaramin yatsa ya hau kan mariƙin, domin shi da na kusa da shi suna ɗauke da kaso mai tsoka na ƙarfin damƙa, ko da yake ido yana raina su. In ya gama sai ya sa robar ɗaure kuɗi a kan yatsunsa ya yi ta buɗe su, don tsokokin baya su samu rabonsu. Ba ya kuma riƙe numfashi, domin matsi mai tsanani yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, abin da ya sa mai wannan larura ya kamata ya nemi shawarar likita tukuna.

A Amurka wannan ɗan ƙarfe ya zama fagen gasa. Kamfanin IronMind na jihar Kalifoniya yana ƙera wasu da ya kira Captains of Crush, masu mariƙin alminiyon, waɗanda ba a murɗa su, kowanne da taurinsa. Lamba 1 an ƙiyasta ta kimanin kilo 63, lamba 2 kilo 88, lamba 3 kilo 127, lamba 4 kuwa kilo 165. Richard Sorin ne aka fara shaidawa ya rufe lamba 3 a 1991, Joe Kinney ya rufe lamba 4 a 1998, daga baya Magnus Samuelsson ɗan Suwidin, wanda ya taɓa cin gasar mutum mafi ƙarfi a duniya, ya bi sahu. Waɗanda suka rufe lamba 4 har yau ƴan ƙalilan ne. Sai dai lambar da ke jikin ƙarfe ba awon likita ba ce, kuma kilo 60 na ƙarfen roba ba lallai ya yi daidai da kilo 60 na wani kamfani ba. Amfaninta ɗaya: mutum ya gwada yau ɗinsa da jiya a kan ƙarfe guda.

Kuma damƙa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta matsewa, wadda ƙarfen ke koyarwa. Akwai ta tsunkule, inda babban yatsa ke fuskantar sauran, kamar mai ɗaga bulo ta gefe, kuma a nan ƙarfen ba ya taimakawa sosai, tunda babban yatsa kusan zaman kallo yake yi a kansa. Akwai kuma ta jimiri, riƙe abu mai nauyi na tsawon lokaci ba a saki ba. Thomas Inch, wani ƙaƙƙarfan Ingila na farkon ƙarni na 20, ya shahara da wani ƙarfe mai nauyin kilo 78 da ya gagari ƙattai ɗagawa da hannu ɗaya. Nauyin ba shi ne sirrin ba, kaurin mariƙin ne, kusan santimita 6, wanda yatsu ba sa iya zagayewa. Wanda ya taɓa kallon kokowar takobi, wadda Nijar ke yi tun 1975 da aka fara a Tawa, ya ga irin wannan matsala a fili: wuyan hannun abokin karawa kauri gare shi, ga gumi, ga shi yana fizga. Ɗan kokowa yana riƙo da buɗaɗɗen hannu, a wuya da cinya da ƙugu, ƙarfin kuwa yana tasowa daga baya da ƙafafu. Ƙarfen damƙa zai iya ƙara masa wani abu, amma bai isa ya ba shi wannan ba.

Hannun tsohuwar nan ma da irin wannan hanya aka gina shi. Taɓarya tana da kauri, igiyar guga tana zamewa, muciya tana turjiya a cikin tuwo, kuma kowannensu yana aiki da kafaɗa da baya tare da yatsu. Ba abin sha'awa ba ne a mayar da mata bakin rijiya don su yi ƙarfi; injin niƙa da famfo rahama ne, waɗanda suka yi dakan sun fi kowa sani. Amma aikin da ya tafi ya tafi da horon da ke cikinsa, wanda ba a taɓa kiransa horo ba.

Bayan wata huɗu ma'aikacin ya kai ga murɗa kusan ƙarfensa zuwa ƙarshe, bai kuma sayi wanda ya fi shi tauri ba. Ya ɗauko jarkoki biyu masu cin lita 20, ya cika su rabi da ruwa, yana ɗaukar su daga bakin famfo zuwa ƙarshen tsakar gida ya dawo, bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. A makon farko yatsunsa ne suka riƙa gajiya kafin kafaɗa. Yana ƙara lita biyu a kowace jarka duk bayan mako biyu.