Daren da rumbunmu na Docker ya wayi gari fayau 🧵

1/ Jama'a ku matso. Saura kwana biyu mu kare furojet ɗinmu na aji huɗu, na kusa jefa mu huɗu cikin masifa da hannuna. Duk mai amfani da Docker ya karanta har ƙarshe.

2/ Ga wanda bai sani ba: imej shi ne manhajarka da duk abin da take buƙata, an ƙunshe wuri ɗaya. Idan ka tayar da shi ya zama kwantena. Wurin ajiye imej kuma shi nake kira rumbu. Docker Hub ne babban rumbun da kowa ya sani.

3/ Matsalarmu data ce. Imej ɗinmu ya haura giga ɗaya, kowa kuma sai ya sauke. Muna ɗaki ɗaya a hostel amma muna zagayawa ta intanet. Sai na ce me zai hana mu kafa namu a kan tsohuwar laftof ɗina?

4/ Layi ɗaya ne wallahi:
docker run -d -p 5000:5000 --name registry registry:2
Shi kenan, rumbu ya tashi a tashar 5000. Sai ka sa wa imej suna da adireshin laftof ɗin ta docker tag, ka tura da docker push.

5/ A wajena ya yi aiki, a wajen abokaina ya ƙi. Dalili: Docker ba ya yarda da rumbun da ba shi da HTTPS, sai dai in localhost ne. Muka sa adireshin ƙarƙashin insecure-registries a daemon.json. Wannan na cikin ɗaki ne kawai fa, kar ka yi a intanet.

6/ Sai na tuna duk wanda ya hau wayifai ɗinmu zai iya kwashe aikinmu. Na haɗa kalmar sirri da htpasswd. Ka sa -B, don bcrypt kaɗai rumbun yake karɓa. Domin saitin ya hau, na goge kwantenar na tayar da sabuwa.

7/ Na duba /v2/_catalog. Babu komai. Fayau. Imej ɗin da ke aiki daidai abokina ne ya gina shi, laftof ɗinsa kuma tana wajen mai gyara. Zufa ta karyo mini, ƙarfe ɗaya na dare.

8/ Na tashe su na faɗa musu gaskiya. Ɗaya ya kalle ni ya ce, "Mutumina, ka yi prune?" Na ce a'a. Ya ce to kar ka sake taɓa komai.

9/ Ashe rumbun yana zuba komai a /var/lib/registry, kuma in ba ka ba shi wuri ba, Docker na ƙirƙirar ma'aji mara suna. docker rm ba ya goge shi sai ka ƙara -v. Muka buga docker volume ls -f dangling=true, sai ga shi. Muka haɗa shi da sabuwar kwantena, komai ya dawo. Alhamdulillah.

10/ Yanzu ba na tayar da rumbu sai da -v zuwa folda da na sani, kuma duk Juma'a ina kwafe ta a filas. Ka kuma sani: goge imej ba ya rage wuri sai ka yi garbage-collect.

11/ Mun kare aikin lafiya. Malaminmu bai san wannan labarin ba, don Allah kar wanda ya yi masa tagin 😭 Wanda ya gwada Harbor ya faɗa mini ko tsohuwar laftof za ta iya ɗaukarsa.